HATTARA: mai sayar da "rubutun Godzilla na farko" ya cinye min naira 480,000

Jama'a, kwana uku ke nan ko abinci ba ya min daɗi. Naira 480,000. Kuɗin da na shafe wata bakwai ina tarawa don sayen kyamara, na ɗauka da hannuna na tura wa mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Duk wanda ya san ni ya san rubutun fim nake yi, kuma tun ina yaro nake bin finafinan dodannin Japan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rubutun farko da aka ajiye ba a ɗauka ba. Kafin kamfanin Toho ya fitar da Godzilla a 1954, Shigeru Kayama ne ya fara tsara labarin, daga baya Ishiro Honda da Takeo Murata suka kulle kansu a wani masauki a unguwar Shibuya ta Tokyo na mako uku suka sake shi. A na Kayama, Dakta Yamane, masanin kimiyyar da ke cikin labarin, wani bahagon mutum ne mai baƙin tabarau da alkyabba, sai da dare yake fita, dodon kuma yunwa ce ke fito da shi cin dabbobi. Wannan rubutun mutumin ya ce yana da tsohon kwafinsa, wai gadon kakansa ne a Osaka.

Kada wani ya ce min garaje na yi. Wallahi sai da na gwada shi. Na tambaye shi sunan da aka ɓoye aikin da shi, nan take ya ce "G Sakuhin". Na tambayi shekara, ya ce Showa 29 a lissafin Japanawa, wato 1954. Har ya kawo zancen Bride of Godzilla na Hideo Unagami, na 1955, wanda ba a taɓa ɗauka ba, ya ce shi ma zai samo min. Mutum nawa ne suka san wannan? Ya turo bidiyon daƙiƙa 20: hannu yana buɗe takarda ruwan ƙasa, gefenta ya ɗan tsattsage, ga jan hatimi a bango. Na kalli bidiyon nan ya fi sau talatin. Har yanzu hannun nan nake gani, yadda yake ɗaga shafin a hankali kamar mai tsoron ya yage. A nan zuciyata ta kwanta, a nan na tura 350,000.

Af, na manta, tun kafin bidiyon ya ce akwai wani Ba'amurke da zai biya fiye da haka, amma ni ya ga ina son abin tsakani da Allah. Bayan kwana takwas kuma ya ce kuɗin inshora da na aikawa, 130,000. Na tura. 350,000 da 130,000, ku haɗa da kanku. Asusun ma sunan wani ne daban, ya ce wakilinsa ne, na yarda saboda hannun nan da jan hatimin.

Kaya ba su zo ba. Da na matsa, sai ya turo hoton shafi 12, wai in fara karantawa. Na tura wa ƙanin matata da ke karatu a Japan. Ko awa ba a yi ba ya kira ni: "Yaya, wa ya ba ka wannan? Rubutun finafinan lokacin daga sama zuwa ƙasa ake jera shi, ana farawa daga dama. Wannan a kwance yake, kuma fassarar na'ura ce. Har shekarar 2014 na gani a ciki." Sai da na zauna a dakalin ƙofar gida, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Bidiyon ma ashe na wani tsohon gwanjo ne ya yanko. Na kira, lamba a kashe. Ya toshe ni ko'ina.

Hotunan hirarmu da rasit biyu duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in na rufe sunan mai asusun, don ban sani ba ko shi ma aron sunansa aka yi.

Kada ku tura ko sisi sai wanda ya iya Japananci ya karanta muku shafi. In ya ce akwai wani mai saye yana jira, ku bar masa. Jiya aka ce min ya dawo da sabon suna, yanzu rubutun Mothra, wani fim ɗin dodo na 1961, yake talla, da hannun nan dai da jan hatimin.