Shekara ɗaya da sandar fatsa ta zamani a tafkin Madarunfa

Tun ina yaro nake fatsa, amma da sandar gora da zare da ƙugiya ɗaya, kamar yadda yaran da suka tashi kusa da Gulbin Maraɗi suka saba yi idan ruwa ya zo da damina. Bara, bayan an gama girbi, na sayi kayan fatsa na zamani a wani shago a nan cikin garin Maraɗi, duka a ƙunshi ɗaya: sanda mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, mai tsawon mita 3.6, da injin naɗe zare wanda mai shagon ya kira muline, da zaren da aka riga aka naɗa masa, da ɗan akwatin roba mai ɗauke da ƙugiyoyi da dalma da kifayen roba guda uku. Jikka 18 na biya. Tun daga lokacin kusan kowace Lahadi nakan hau babur in yi tafiyar kilomita 20 da ƴan kai zuwa tafkin Madarunfa, saboda haka na ga halin kayan nan a hunturu da bazara da damina, kuma ra'ayina a kansu ya rabu: sandar ta biya kuɗinta, injin ya ba ni kunya, zaren kuwa bai cancanci a jefa shi cikin ruwa ba.

Sandar ta fiba ce, ba ta kabon ba, kuma da farko na ɗauki hakan a matsayin naƙasu, domin ta kabon ta fi sauƙin nauyi kuma ta fi isar da motsin kifi zuwa hannu. Daga baya na gane cewa ga wanda ke ɗaure kayansa a bayan babur, fiba ita ce daidai, domin tana jure bugu da faɗuwa, ita kuwa kabon ɗan rauni kaɗan ya isa ya sa ta karye ranar da babban kifi ya ja ta. Kabon kuma yana ɗaukar wutar lantarki, abin da ya kamata mai fatsa ya tuna idan hadari ya taso yana tsaye a fili. An rubuta 20 zuwa 60 g a gindin sandata, wato nauyin dalma da koto da za ta iya jefawa ba tare da ta wahala ba. Tsawonta ya taimake ni ƙwarai, domin tafkin ba shi da zurfi sosai kuma bakinsa ciyawa ce da laka, sai mutum ya tsallake su kafin ya kai inda kifi yake. Aibinta biyu ne. Zoben da ke kan tsininta ya fita a wata na biyu, na mayar da shi da gam, bai sake motsi ba. Sannan ƙurar hunturu tana shiga tsakanin gaɓoɓinta ta riƙe su, don haka sai an goge kowace gaɓa da ƙyalle kafin a shigar da ita cikin ƴar'uwarta.

Abin da ya buɗe mini ido game da inji da zare ya faru ne wata safiya a watan Disamba. Na sa hanjin kaza a ƙugiya, na jefa kusa da wani kututture da ke cikin ruwa, na zauna ina jin sanyi yana ratsa rigata. Can sai kan sandar ya sunkuya sau biyu, sannan ya lanƙwashe gaba ɗaya. Daga nauyin jan da yadda kifin ya nufi ƙasa maimakon ya yi sama, na tabbata babbar tarwaɗa ce. A irin wannan lokaci aikin birkin inji shi ne ya riƙa sakin zare a hankali idan jan ya yi yawa, har kifin ya gaji. Nawa birkin sai ya cije, ya saki da fizga, ya sake cijewa, a karo na uku zaren ya tsinke, na tsaya riƙe da sanda babu komai a jikinta.

Wani dattijo masunci da ke gyaran tarunsa kusa da ni ya miƙo hannu na ba shi ragowar zaren. Ya naɗa shi a yatsunsa biyu, ya ja sau ɗaya, ya tsinke kamar zaren ɗinki. Ya ce, "Ɗana, wannan rana ta cinye shi tun yana shago." Na ce, "Baba, ai sabo ne, ban fi wata biyu da sayensa ba." Ya nuna mini yadda launinsa ya dushe da yadda yake murɗewa shi kaɗai idan an sake shi, ya koma kan aikinsa. Gaskiya ya faɗa, domin hasken rana da zafi suna raunana zaren nailan ko da ba a taɓa jiƙa shi ba, kuma mu a nan muna da su fiye da kima.

Da na koma gida na kwance injin a kan tabarma. A jikin kwalinsa an rubuta cewa yana da boris 12, amma uku na ƙirga. Ƴan faya-fayan birkin a bushe suke ƙayau, babu ko ɗigon giris, ɗan gangar da zare ke bi ta kansa kuma ba ya juyawa sam, shi ya sa zaren ke murɗewa yana yin ƙulli. Na shafa giris, ya ɗan gyaru na makonni, sannan hannun ya fara girgiɗi. A ƙarshe na ajiye shi na sayi wani injin mai lambar girma 4000, wanda kuɗinsa shi kaɗai ya kusa kai na dukan ƙunshin farko, kuma ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya. An rubuta 5.2:1 a jikinsa, ma'ana duk juyin hannu ɗaya kan injin yana zagaye zare sau biyar da ɗan ɗori, kuma wannan saurin ya isa ga irin fatsar da muke yi.

Da na san abin da na sani yanzu, da tun a shago na gwada injin farko. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyu. A ɗan ɗaure birki, a kama bakin zare a ja da hannu a hankali: idan yana fita sumul da ƙara iri ɗaya, birkin lafiyayye ne, idan kuwa yana fita da fizga, a ajiye shi komai yawan boris ɗin da aka rubuta. A girgiza hannun a ji ko yana da sako-sako, a taɓa ɗan gangar zaren a ga ko yana juyawa. Wajen saita birki, ƙa'idar da masu fatsa suka saba bi ita ce ya fara saki idan jan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ni ina amfani da nailan mai kaurin 0.30 mm wanda aka rubuta yana ɗaukar kilo 6, don haka nakan ɗaura robar ruwa ta lita ɗaya da rabi a bakinsa in ɗaga a hankali, in riƙa sassauta birkin har ya fara saki daidai lokacin da robar ke barin ƙasa. Akwai zaren saƙa, wanda ya fi siriri da ƙarfi kuma ba ya miƙewa, amma ya fi tsada, ba ya kuma son gogayya da itace ko dutse. A ruwa mai kututture nailan ya fi kwantar mini da hankali, muddin an jiƙa ƙulli da yawu kafin a ja shi.

Ƙugiyoyin akwatin rabinsu dakusassu ne; idan aka ja tsinin a kan farce ya zame bai kama ba, ba ta da amfani. Lambobinsu suna rikita sabon shiga, domin lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, amma 2/0 ta fi 1/0 girma. Karfasa bakinta ƙarami ne, lamba 8 zuwa 12 take so, da tana ko gara ko ɗan ƙullin dusa. Tarwaɗa kuwa lamba 1 zuwa 2/0, da dalma mai nauyin giram 20 ko 30 wadda zare ke zamewa ta cikinta, don kada kifin ya ji nauyi ya tofar da koton. Idan ƙurungu ne ya kama, a kula da ƙayoyinsa wajen cire ƙugiya, domin suna ƙagewa a miƙe kuma sukarsu tana da zafi. Kifayen robar nan uku ban taɓa kama komai da su ba. Ruwan tafkin yakan yi duhu da laka, tarwaɗa kuma da wari da gashin bakinta take neman abinci, ba da ido ba. Irin wannan koto ya fi dacewa da kifi mai farauta kamar giwar ruwa, kuma wanda zai nufi kogin Kwara wajen Gaya dominta, sanda da zare masu ƙarfi fiye da nawa zai nema.

Akwai abin da ba a sayarwa a cikin ƙunshi, wato sanin inda za a jefa. Sanda mai inji tana kai ƙugiya nesa, inda masunta suka shimfiɗa taru da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, kuma wannan ruwa shi ne abincin iyalinsu. Sau ɗaya na sarƙe da mamarin wani, na yanke zarena, na nemi mai shi na ba shi haƙuri. Tun daga ranar nakan gaida masunta in tambayi gefen da babu kaya kafin in warware sanda, batun takardar izini kuma ofishin ma'aikatan ruwa da gandun daji ake zuwa.

Yanzu abin da ke cikin jakata shi ne tsohuwar sandar fiba, da sabon injin a naɗe cikin ƙyalle saboda ƙura, da ƙugiyoyi iri biyu da dalma huɗu. Zare nakan sauya shi sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, sauran kuma yana cikin akwati a ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Sandar gorata ma tana ɗaure tare da su a bayan babur, domin idan karfasa ta taru a bakin ciyawa da hantsi, ita da totuwar kara a kan zare sun fi injin saurin cika mini bokiti.