Rancen karatu na NELFUND: abin da ɗalibin Bauchi da Gombe zai tarar

Bayan da shafin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu, ya buɗe a watan Mayun 2024, ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), Jami'ar Tarayya ta Kashere, Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gaɗau suka sami wata ƙofa ta biyan kuɗin makaranta. A ganinmu tsarin ya cancanci a nema, amma sai an shirya masa.

Babban abin da ya kwantar wa iyaye hankali a nan shi ne babu kuɗin ruwa: abin da ka ranta shi za ka mayar. Dokar rancen ɗalibai ta 2024 ta kuma cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, da iyakar kuɗin shigar iyali na naira 500,000 a shekara da ke cikin dokar 2023. Kuɗin makaranta kai tsaye yake zuwa asusun makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Na kashewa kuwa, naira 20,000 a wata, asusunsa yake faɗawa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Makarantun gwamnati kawai abin ya shafa.

Inda ake shan wahala shi ne wurin cike bayanai. Ana neman lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibi ta makaranta da takardar shaidar samun gurbi. Shafin yana gwada bayananka da waɗanda makarantarka ta ɗora, don haka idan ba ta ɗora sunanka ba, ko sau goma ka je shagon intanet ba za ka wuce matakin farko ba. Ofishin makaranta mai kula da wannan za ka nufa.

Sai matsalar suna, wadda ta fi kama mutanenmu. Yaro ɗaya, a JAMB Muhammad Sani Abubakar, a NIN Mohammed Sani, a banki kuma an ƙara masa sunan garinsu. Ranar haihuwa ma haka, wata a takardar firamare, wata daban a katin ɗan ƙasa. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. A jera takardun nan uku a kan tebur, a duba harafi bayan harafi, a gyara wanda ya saɓa kafin a taɓa shafin. Wanda kuma JAMB ba ta da shaidar gurbinsa, ya fara daidaita wannan tukuna. Asusun banki ya zama da sunan ɗalibin, ba na yayansa ko na babansa ba, kuma kada ya bar wa mai shago kalmar sirrinsa.

Raunin tsarin shi ne lokaci. Kuɗin kan iso bayan makaranta ta rufe rajista, uba ya riga ya sayar da buhun masara ya biya, sai a koma neman a mayar masa. A adana rasit da shaidar biya ta Remita, wato shafin biyan kuɗi ta intanet, domin da su ake karɓo kuɗin.

Naira 20,000 ɗin ma, idan aka raba ta kwana talatin, ba ta kai 700 a rana ba. Ga ɗalibin da ke haya a Yelwa ta Bauchi ko Tudun Wada ta Gombe, ga abinci ga kuɗin Keke, dole gida su ci gaba da aiko da garin tuwo da ɗan abin miya.