Ɗan jirgin yaƙi na haɗawa da na sayo a Sabon Gari

Jama'a sati biyu kenan da na sayo wani ɗan jirgin yaƙi na roba irin wanda mutum ke haɗawa da kansa, a wani shagon kayan wasan yara a Sabon Gari, jiya na gama shi.

Samfurin B-17 ne mai inji huɗu, wanda Amurka ta riƙa ruwan bama-bamai da shi a yaƙin duniya na biyu, kuma kwafin wani jirgi ne na gaske da ake kira Memphis Belle. Ni zanen goshin jirgin ne ya sa na cire kuɗina. Matuƙinsa Robert Morgan ya raɗa masa sunan ne saboda budurwarsa 'yar garin Memphis, aka zana mace a gaban, kusa da ita kuma ga ƙananan bama-bamai a jere, duk fitar da suka yi daga Ingila suka dawo da rai sai a ƙara guda ɗaya, har suka cika 25 a 1943. Wallahi ina manna jerin nan ina ƙirgawa jikina ya yi sanyi, mutum goma ne fa a ciki, yawanci samari, kullum suka tashi ba su san ko za su dawo ba. Sai na tuna 'yan tirela da 'yan adaidaita da ke rubuta sunan uwa ko masoyiya a bayan mota, abin duk ɗaya ne a wajena.

Robar tana da kyau, fukafukan sun zauna daram, har 'yan bindigogin an fito da su tsaf. Amma babu gam babu fenti a kwalin, sai da na sake komawa kasuwa. Sitikun kuma sai an jiƙa su a ruwa kuma ba su da kauri ko kaɗan, tauraron fiffike ɗaya a hannuna ya yage. In za ka yi fenti ka rufe taga, ƙurar hunturun nan ta ɓata min shafin farko.

Hoton matar dai ban manna ba, kayan wanka ne a jikinta kuma a falo zan ajiye shi inda Hajiya ke zama, sunan da bama-baman kawai na sa.

Mai shagon mutumin kirki ne, ya buɗe kwalin muka duba komai kafin in biya. Akwai tsada gaskiya amma ban yi da-na-sani ba. Kar dai a ba ƙaramin yaro, wasu sassan ba su fi ƙwayar shinkafa ba.