Hattara da masu sayar da laftof da sunan "SSD ce a ciki"

Jama'a, musamman ɗalibai masu neman laftof ta hannu: wata damfara ta yi yawa a shaguna da shafukan talla na Facebook da WhatsApp. Za a ce maka laftof ɗin tana da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa, a ɗora maka kuɗin sauri a kan farashi, alhali tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, galibi mai juyi 5400 a minti, wanda ko mai 7200 ya fi shi kuzari. Irin wannan faifan da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, SSD kuwa tana kai 500. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Dabarar da ta fi cin mutane ita ce ta SSHD. Faifai ne mai juyawa da aka liƙa wa ɗan ƙwaƙwalwa mai sauri na gigabait 8, kamar ST500LM000 na Seagate. Kamfanin bai ɓoye komai ba, mai shagon ne ke haɗiye harafin H. Faifan yana haddace abin da aka fi buɗewa, don haka idan mai shagon ya kunna maka laftof ɗin a kan teburinsa, Windows sabuwa fil, babu komai a ciki, sai ta tashi nan take. Ka je gida ka zuba manhajoji da bidiyo, sai jan ƙafa ya fara. Ka koma, a ce maka "ai bairos ne ya shiga".

Kada ka yarda da sitika. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka taɓa Disk: lambar samfurin faifan za ta fito, ka bincika ta a wayarka a gabansa. Ka kuma kara kunnenka kusa da madannai. SSD ba ta da abin da ke juyawa, in ka ji ɗan ƙas-ƙas, ka san inda aka dosa.

Su kuma SSD na waje, wato waɗanda ake jona wa laftof ta USB, masu terabait 2 ko 16 a farashin ƙaramar waya, yawanci katin memori ne a cikin kwanso, an sa shi yana faɗin girman ƙarya. Da ka wuce ainihin girmansa, fayilolinka za su lalace ba tare da gargaɗi ba. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika shi ta karanto, ta tona asirin, sai dai tana cin lokaci.

A rubuta maka lambar faifan a rasit. Wanda ya ce "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" maimakon ya ɗauko biro, ka yi masa sallama ka leƙa shagon gaba.