Horon 'yan agajin gaggawa da na shiga a Katsina

Tun ambaliyar Jibiya ta 2018 nake cewa zan shiga aikin agaji, sai kuma ga gobarar babbar kasuwa a 2021, ina tsaye ina kallo ba abin da na iya sai salati. To bana dai na cika fom wajen wata ƙungiyar 'yan agaji nan cikin gari wajen Ƙofar Ƙaura, muka yi sati biyu ana koya mana.

Gaskiya malamin ya san aikinsa, tsohon nas ne kuma ba ya wasa. Ranar farko ya tambaye mu in an yi hatsari a titi me kuke yi, wani ya ce a kinkimi mutum a jefa a Keke Napep a yi asibiti, Malam ya ce to kai ne za ka ƙarasa shi, in wuyansa ya karye fa? Nan jikina ya yi sanyi don wallahi na taɓa yin haka. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi za ka yi ta zubawa har minti 20, ba man goge baki ba ɗanyen ƙwai, duk abin da muka tashi muka ga ana yi a gida ashe ɓarna ce.

Danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya shi ya fi ba ni wuya, sau 30 sannan hura iska sau 2, da sauri kamar 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kafin minti biyu hannuna ya mutu. Abin haushin ɗan robar da ake gwaji a kansa guda ɗaya ne tal, mu kuma mun kusa arba'in, sai ka yi ta jiran layi kamar gidan mai. Mata dai an ware masu wata Hajiya nas ta koya masu daban, wannan na yaba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rarraba waɗanda suka ji ciwo da launi gwargwadon tsananin ciwonsu, ja, ruwan ɗorawa, kore da baƙi. Mai ihu yana kiran sunan Allah yana numfashi ke nan, wanda ya yi shiru shi za ka fara dubawa. Sun kuma koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari saboda amai da gudawa bayan ambaliya, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Lokaci kam ba a magana, a ce ƙarfe 8 sai wajen 10 a fara. Kuma wanda ke tunanin alawus ya haƙura, ko rigar mai walƙiya da kuɗina na saya. Yanzu dai safar hannu da bandeji suna cikin but ɗin mashin ɗina, lambar kiran agajin gaggawa 112 kuma na sa wa Inna ita a wayarta.