Amitriptyline ko pregabalin: wanne ya fi wa mai raɗaɗin tafin ƙafa?

Yaya, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce wata takwas ke nan tafin ƙafarka na zugi da dare kamar an shafa barkono, ko mayafi ya taɓa sai ka janye, an yi gwajin jijiya na lantarki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe aka ce lafiya lau, likita ya rubuta maka amitriptyline, wani abokinka a tasha kuma ya ce ka watsar ka sayi pregabalin. Ni ba likita ba ne, amma shekara huɗu ina fama da irin ciwon, kuma duka biyun na sha.

Gwajin nan kada ya ruɗe ka. Manyan jijiyoyi yake aunawa, wannan ciwon kuwa na ƙananan ne, masu ɗaukar zafi da sanyi da ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Sai an yanki ɗan ƙaramin fata a saman idon sawu an ƙirga su ake tabbatarwa. Kuma magungunan biyu babu wanda ke gyara jijiya, rage zugin kawai suke yi. A wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka fitar a 2022, kan masu ciwon suga da ke da wannan raɗaɗi, an gwada su tare da wani magani na uku, duloxetine, sauƙin da suka bayar ya zo kusan ɗaya. To bambancin yana ga abin da kowanne ke yi wa sauran jiki, da aljihu.

Amitriptyline tsoho ne, mai araha, ƙwaya ɗaya da dare, ana farawa da miligiram 10 ko 25. Idan ka karanta takardar cikin kwalin za ka ga maganin ciwon damuwa ne, kada ka ce likita ya ɗauke ka mai taɓin hankali. Wancan da yawa ake sha, na jijiya kaɗan ne. Alherinsa barci. Sharrinsa ma barci. Satin farko da na sha shi ƙarfe goma, sallar asuba sai da rana ta fito, har maiɗakina ta fara tsokanata. Da na mayar da shi bayan magariba abin ya daidaita. Kai da ke bin hanyar Bauchi da sassafe ɗauke da rayukan mutane, wannan ne wurin da za ka fi kula: kada ka hau mota a kwanakin farko sai ka ga yadda kake tashi. Yana busar da baki, yana rage gumi, ka san kuma zafin Maris da Afrilu a garin nan, balle ya haɗu da azumi. Yana taurara bayan gida, dattijo mai matsalar fitsari yana iya riƙe masa shi, mai ciwon zuciya kuma dole likita ya sani tukuna. Sai an ba shi sati biyu zuwa huɗu kafin a ce bai yi ba.

Pregabalin ya fi saurin nuna kansa, sau da yawa cikin mako guda, kuma bai cika taɓa zuciya ba. Amma sau biyu ake sha a yini, kuɗinsa ya ninka na wancan nesa ba kusa ba, yana sa jiri da ƙiba da kumburin ƙafa. Ni jirin ne ya raba mu. Ta ƙoda yake fita, don haka mai raunin ƙoda sai an rage masa. Ga jiki na sabawa da shi, shi ya sa Ingila ta ƙara masa tsaro a 2019. Haɗa shi da tiramol ko kodin na iya danne numfashi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya.

Da ni ne kai, zan tsaya kan abin da likita ya rubuta wata guda, in matso da lokacin sha, in bai yi ba in koma ya canja da hannunsa. Diclofenac da kake saya a kemis ka bari, wannan ciwon ba ya jin sa, gyambon ciki kawai zai iya jawo maka.

Abin da ya fi damuna, ba ka ce an nemo sanadin ba. Ka roƙi gwajin sugan jini da ake kira HbA1c: 6.5 zuwa sama suga ne, 5.7 zuwa 6.4 yana bakin ƙofa, kuma ko a nan jijiya na iya fara lalacewa. A duba bitamin B12, musamman in kana shan maganin suga metformin. In ka taɓa shan maganin tarin fuka, ka faɗa, isoniazid da ke cikinsa na jawo wannan ciwon. Nawa suga ne ashe, ban sani ba sai da ƙafa ta tona.

Kullum wajen alwala ka duba tsakanin yatsu, ka taɓa ruwan ɗumi da gwiwar hannu kafin ka zuba wa ƙafa, kada kuma ka taka simintin harabar masallaci ba takalmi da azahar. Allah ya ƙara sauƙi, Yaya.