Shafin shagonmu na Alabar: an yi ɗinki, ba a auna mai riga ba

Sama da shekara talatin Baaba yana sayar da shadda da atamfa a Alabar, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, bai taɓa jin yana bukatar intanet ba. Ni na kawo maganar buɗe wa shagon shafin intanet, don haka duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Masu saye daga Tamale da Wa da Nima sun cika min WhatsApp da "turo hoto" da "nawa ne turmi", har ta kai ina raba dare ina amsa saƙo. Wani abokina ya haɗa ni da wasu samari masu ƙaramin kamfani a Adum, aikinsu gina wa 'yan kasuwa shafi. Ba zan kama sunansu ba. Muka yi ciniki a kan sidi 4,000, na ba da 2,500, ragowar sai aiki ya kammala.

Bari in fara sauke musu haƙƙinsu. Hotunan da suka ɗauka ban taɓa ganin kamarsu a kayanmu ba. Shadda tana da wuyar ɗauka, ƙyallinta kan mayar da ruwan toka ya koma fari, amma yaron da ya zo da kyamara ya yini a shagon yana juya yadi yana neman haske har ya fito da kowace kala yadda take. Biyan kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma tun ranar farko bai taɓa ba mu matsala ba. Suna ɗaukar waya. Duk wanda ya taɓa ba wani aiki a garin nan ya san wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da suka kira ni in zo in gani, na zauna a ofishinsu, iyakwandishan na busawa, suka buɗe shafin a wani ƙaton allon kwamfuta mai faɗin tabarmar salla. Wallahi ya yi kyau. Fari tas, rubutu siriri ruwan toka, kayan a jere huɗu-huɗu. Na ce ma sha Allah, na shiga pragya, keken nan mai ƙafa uku, na koma shago ina jin kaina wani babban attajiri.

A shago na karɓi wayar Baaba, wata Tecno da ta sha jiki, na buɗe masa. Lokacin azahar ta kusa, rana ta ƙwalle a bakin shagon. Ya riƙe wayar nesa, ya kawo ta kusa, ya gyara tabarau, ya karkata ta ya kare da hannu. Can ya miƙo min.

"Kai, ina rubutun yake?"

Na ce, "Ga shi nan, Baaba."

"To ni farar takarda kawai nake gani. Wannan ka biya wa kuɗi?"

An yi wa Baaba aikin yanar ido bara, amma ko ni da idona ƙalau sai da na shiga inuwa kafin na karanta farashin. Da na karanta kuwa rabi na samu. Jadawalin farashin ya fi wayar faɗi, sunan kaya na hagu, kuɗin ya faɗa can dama inda ba a gani. In ka ja shafin gefe ka ga kuɗin, sunan ya ɓace, sai ka rasa ko sidi nawa ɗin nan na Getzner ne ko na leshi. Na sa yatsa biyu in buɗa rubutun ya girma, ya ƙi motsi.

Da daddare na kai ƙara wajen ƙanwata, wadda ke karatun kwamfuta a Tek, wato jami'ar KNUST. Ta buɗe shafin a laftof ɗinta, ta danna wani abu, sai ga cikin shafin ya bayyana, layi-layi na rubutu kamar hanjin rago. Ita ta fara gaya min sunan abin da ke damuna: CSS. Ta ce kowane shafi kashi biyu ne. Akwai kayan da kansu, rubutu da hotuna da maɓallai, shi ne HTML. Sannan akwai wani fayil daban da ke cewa wannan ya zauna nan, wancan ya zama ja, wannan faɗinsa kaza, shi ne CSS. Ta ce, "Yaya, ɗauka yadi ne da ɗinki. Yadinka lafiyayye ne. Tela ne ya yanka da awon jikinsa." Wani ɗan ƙasar Norwe, Håkon Wium Lie, shi ya kawo shawarar tsarin a 1994 lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar da shi a ƙarshen 1996. Na ce mata ni ban zo jin tarihi ba, ta nuna min inda kuɗina ya shiga.

Ta nuna min. Jadawalin an kafe faɗinsa a fiksel 960, wato ɗigon da ake auna allo da shi, alhali irin wayoyin da mutanenmu ke riƙewa faɗin da suke ba shafi bai wuce 360 zuwa 400 da 'yan kai ba. Ƙa'idar da ake bi a duniya don kowa, har da naƙasassu, ya iya amfani da shafi, wadda ake kira WCAG, a bugunta na 2018 ta nemi rubutu ya iya naɗewa ya shiga faɗin fiksel 320 ba sai mutum ya riƙa jan shafi hagu da dama ba. Ruwan tokan nan da ya burge ni a Adum ta auna shi a kan fari, bambancinsu bai kai 3 da 1 ba, ƙa'ida kuwa 4.5 da 1 take nema ga rubutu na yau da kullum. Hana buɗa rubutu da yatsa ta ce wannan ba laifin CSS ba ne, wani layi ne guda a saman shafin, amma hannu ɗaya ne ya rubuta su duka.

Abin da ya fi ba ta haushi ni ban ma lura da shi ba. Baaba ya ƙara girman rubutu a wayarsa, kamar yadda kusan duk dattawan layinmu suka sa jikoki suka yi musu. Su kuwa samarin sun kafe tsayin kowane akwatin kaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da rubutu ya girma sai ya tumbatso, sunan shadda ya hau kan farashi, farashi ya hau kan hoton da ke ƙasa. Ta ce ya kamata a iya ninka girman rubutu biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba, kuma maganin bai wuce a bar akwatin ya miƙe da kansa ba.

Sai maganar haruffanmu, wadda ita ta fi tsaya min a rai. Na nace a sa Hausa a shafin tare da Turanci, don yawancin matan da ke sayen kayan biki a wurinmu da Hausa muke ciniki. Samarin sun zaɓo wani zubin haruffa mai kwalliya, siriri kamar tsinken tsire. Ashe wanda ya zana shi bai san da ƙ da ɗ da ɓ a duniya ba. Duk inda aka zo kansu sai wayar ta aro harafin daga wani zubi daban, ya fito ƙato, baƙi wuluk, a tsakiyar kalma, kamar baƙon da ya shiga sahu da takalmi. "Baƙar shadda" da "ɗinkin hannu" duk haka suka fito. Alamar sidi ma, ₵, haka ta yi tsalle ta fita daga layi. Da na kira su, ɗayansu ya ce ai sai a rubuta k da d kawai, kowa zai gane. Na ce masa bari da ɓari ba ɗaya ba ne, kuma ni ba zan rubuta wa mai saye an ɓarar masa da kaya ba alhali cewa nake an bar masa. Ba Bahaushe ba ne, ban riƙe shi da wannan ba. Amma Twi ma tana da ɛ da ɔ, ya kamata a ce ciwon ya taɓa cinsa. Ƙanwata ta ce akwai zubi irin Noto Sans na Google da ke ɗauke da haruffan nan duka, kyauta, sai dai a tabbatar an ɗora ɓangaren da suke ciki.

Akwai kuma koren maɓallin WhatsApp da ke shawagi a ƙasan shafi, duk inda ka je yana biye da kai. Ni na roƙa a sa shi. A waya kuwa daidai kan maɓallin biya ya je ya zauna. Wata Hajiya daga Sawaba sau uku tana son ta biya, sau uku tana tsintar kanta a WhatsApp tana min sallama. In ka zo rubuta lambar MoMo, kibod ya taso daga ƙasa, sunan shago ya kafe a sama, gurbin rubutun ya ɓuya a tsakani, sai ka rubuta lamba da ƙaddara.

Na ɗauka na gama ganin aibu, sai ranar Juma'a bayan an sauko daga babban masallaci wani malaminmu na Aboabo ya biyo ta shago. Makaho ne tun yana saurayi, kuma duk Azumi a wurinmu yake yanka wa iyalinsa kayan Salla. Wayarsa ta fi tawa aiki. Yana amfani da TalkBack, abin nan na Android da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo, ya sa masa gudu har ni ba na tsintar komai a ciki. Na ce, "Allah gafarta Malam, mun buɗe shafi, a gwada mana." Ya kara wayar a kunne yana shafa allon da yatsa. Na ga ya yi murmushi.

"Alhaji ƙarami, shagon naku babu kaya ne?"

Hotunan nan masu kyau da na yaba, ashe ba a sa su a matsayin hotuna ba. An liƙa su ne ta CSS a matsayin adon bango, shi kuwa mai karantawa tsallake ado yake yi, don ba a ba shi wani bayani da zai faɗa ba. Maɓallan kwando da bincike zane ne kawai babu suna, wayar sai ta ce maɓalli, maɓalli, ba ta san na mene ne ba. Sannan a ido suna ne a sama farashi a ƙasa, amma a ainihin rubutun farashi ne farko, CSS ce ta juya su. Malam sai ya ji sunan atamfa, ya shafa gaba ya ji kuɗin shaddar da ke biye. Ya ce in da gaske ne wannan farashin to lallai mun shiga wani hali. Kayan da suka ƙare kuma jan layi kawai aka zagaye su da shi, waɗanda ke nan kore, babu kalma ko ɗaya. Wannan ko mai ido in ba ya rarrabe ja da kore ya shiga uku.

Ranar Litinin na koma Adum, wannan karon da wayar Baaba a aljihu da ƙanwata a gefe. Shugabansu ya fara da cewa waɗannan ƙa'idoji na Turai ne, a nan ba wanda ke tambaya. Ƙanwata ta tuna masa Gana tana da dokar naƙasassu tun 2006, doka ta 715, wadda ta ɗora wa masu yi wa jama'a hidima nauyin sauƙaƙa wa naƙasassu. Ni ban shiga maganar doka ba, ba kotu na zo ba. Na ajiye masa Tecno a kan tebur na ce ya fito waje cikin rana ya saya min turmi ɗaya. Ya fita. Ya daɗe. Da ya dawo bai ƙara musu ba, kuma a nan ya sami girma a idona, don na san waɗanda da za su tsaya su ce wayar ce ba ta da kyau.

Kwana tara suka ɗauka. Rubutu ya koma baƙi sosai, jadawalin ya zama kati-kati, kowane kaya da kuɗinsa a ƙarƙashinsa, ƙ da ɗ suka shiga sahu. An rubuta "ya ƙare" da haruffa. Maɓallin WhatsApp ya koma gefe, maɓallin biya ya yi girman da babban yatsan Baaba zai same shi. Ba su nemi ƙarin ko sidi ɗaya ba. Wani yaro a cikinsu, mafi ƙanƙanta, har shago ya zo ya zauna kusa da Malam yana kallon yadda yake shafa waya, ya ce bai taɓa kunna TalkBack ba a rayuwarsa, shekara uku yana gina shafuka.

In an ce in ba su maki, uku cikin biyar zan ba su, kuma ɗaya daga cikin ukun na halin kirki ne. Wanda zai ba su aiki zai iya, sai dai kada ya karɓa a ofishinsu. Ya sa a cikin ciniki tun farko cewa a wayarsa za a gwada, a bakin shagonsa, da rubutu a girme, kuma ya riƙe wani abu a hannu har sai an yi.

Ni har yanzu ina riƙe da sidi 500 daga cikin ragowar kuɗinsu. Hotuna goma sha biyu na leshi ba a rubuta musu bayani ba tukuna, sannan sallamar Larabci da Baaba ya ce a sa a saman shafi, ɗigon ƙarshenta yana fitowa a dama maimakon hagu, don ba a gaya wa shafin cewa layin daga dama yake farawa ba. Baaba ya hango wannan da kansa, ba tabarau. Sun ce ranar Alhamis.